Ɗakin da Na Daɓe Ni Kaɗai

Litinin, 7 ga Afrilu, 1975, da hantsi

Na fitar da buhunan gero daga ɗakin kudu, ni kaɗai, ina ja ina hutawa. Ɓera ya yi ɓarna a kusurwa, daɓen duk ya farfashe, gara kuma ta hau bango har rabi. Maƙwabciyata Shatu ungozoma ta leƙo ta katanga ta ce, "Jidda, aikin me kike yi cikin wannan zafi?" Na ce gero nake shanyawa. Ta dubi geron, ta dube ni, ta sauka daga kan turminta.

Wannan littafi na maigidana ne, marigayi Malam Badaru, shafi uku kawai ya rubuta a ciki. Tun da na gama ajin yaƙi da jahilci ban rubuta abin da ya wuce wasiƙar ɗana Auta ba, shi kuwa soja ne, sai ya ga dama yake amsawa. To ba ni da wanda zan gaya wa, bari in gaya wa takarda. Ita ba ta yawo gida-gida.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Juma'a ba.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Cikin yarinyar ya shiga wata takwas. Yarinyar nake cewa domin 'yar fari ce, shekara ashirin da biyu ke nan sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Haka uwata ta yi wa yayata Yelwa, haka kakata ta yi wa nata ɗan farin, ba a kaina aka fara ba. Ranar da aka yaye ta Yaya Yelwa ta saɓa ta a baya ta tafi da ita Zango. Can ta girma, can aka sa ta makaranta, daga can aka kai ta gidan Jafaru a Kaduna. Yaya take kira Inna. Ni kuwa Iya ta Daura.

Da Yaya tana raye, Zango za a kai ta goyon ciki ta haihu a can, ni in zauna nan in yi kamar ban san ana yi ba, in daka yaji in aika a ɓoye. To Yaya ta rasu da kakar da ta wuce. Haihuwar fari a gida ake yin ta, gida kuwa yanzu ni ce.

Ban san ko za ta zo ba. Ɗakin dai zan gyara.

Laraba, 9 ga Afrilu, da asuba

Na kankare gara. Ƙuguna kamar ba nawa ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan azahar

Mako guda ke nan.

Mai jaki ya kawo jar ƙasa da tsakuwa ya zube a tsakar gida. Har da ba ni shawara, wai yanzu wa yake daɓe, kowa siminti yake zubawa ya shimfiɗa leda mai fure. Na ce da shi jakinka na ɗauka, ban ɗauki bakinka ba. Siminti sanyi gare shi, mai jego ba ta taka sanyi. A kan daɓe aka haife ni, a kan daɓe na haife ta.

Daɓe aikin gayya ne. A kira matan unguwa, kowa ta zo da madaɓinta, a jera a durƙushe ana bugu ana waƙa ana zolayar juna, mai gida ta dama fura, kafin la'asar an gama. Ni da na yi wa mutum nawa a unguwar nan. Amma in na kira gayya sai an tambayi ɗakin wa, kuma duk unguwa an riga an ji cewa a asibitin Kaduna za ta haihu. Ba zan tara mata su daɓe ɗakin da ba mai kwana ciki ba, su koma gida suna jin tausayina. Gara su ce Maijidda ta zare.

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi

Na baje ƙasa, na yayyafa ruwa, na fara daga kusurwar gabas. Madaɓi ɗaya ƙararsa daban ce. In mata goma suna yi, kamar kiɗa yake. Nawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Na ɗaure da tsumma. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ban ci ba. Wanda ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, lalle ya taɓa gwadawa.

Virginia ta shigo. Matar Damian ce, Inyamurin da ke sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha, matan unguwa Bajiniya suke ce mata. Su ne ke haya a gidan da ke jikin nawa tun da suka dawo bayan yaƙi. Ita ba ta san wani gero nake shanyawa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Iya, wannan ɗakin jariri ne. 'Yarki za ta zo?"

Na ce, "Wace 'ya?"

Ta ce, "Wadda ta zo da mota ranar nan, mai ciki. Kamarku ɗaya, har tafiya."

Na ci gaba da bugu. Ta fita, jim kaɗan ta dawo da ulu fari da ruwan ƙwai da ƙaramar allurar kwarashi, ta ce in hannuna ya gaji da ƙasa za ta koya mini hular jariri da safa. Na ce mu nan ba a yi wa ɗa sutura tun bai zo duniya ba. Ta ce, "To ki ce wa kaza kike saƙawa." Ta ajiye ta tafi abinta.

Kamarmu ɗaya, har tafiya. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Laraba, 16 ga Afrilu, da magariba

Mota ta tsaya a ƙofar gida. Na miƙe da madaɓi a hannu. Masu neman gidan Liman ne suka ɓata hanya.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da hantsi

Hula ta farko ta fito kamar marfin tulu. Bajiniya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan sai dai a sa wa ɗan maraƙi. Na warware. Yatsuna sun saba da mazari da basilla, wannan 'yar allura zillewa take yi. Amma ina jin daɗin zaman, mutum yana ƙirga ido ɗaya, ido biyu, ba ya tunani.

Masaƙi ya aiko da majanyi. Audugar gonar Malam ce, ni na kaɗa zaren da hannuna tun ran da na ji labarin cikin, ba wanda ya sani. Fari da ratsin baƙi, kamar wanda na goye ta da shi. Na naɗe na sa ƙarƙashin akwati.

A gaban mutane ban taɓa yi mata wasa ba. In ta yi kuka sai wata ta ce, "Jidda, ba ta nono mana," in karɓa ina kawar da kai. Amma in ɗaki ya rage daga ni sai ita, yatsun ƙafarta nake ƙirgawa ina sumbata ɗaya bayan ɗaya. Wa zai gaya mata wannan? Ba ta yi wayo ba lokacin.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan azahar

Mako biyu. Ba wasiƙa, ba sallahu.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan la'asar

Shatu ta shigo yau ta ƙofa, ba ta katanga ba, ɗauke da ƙwarya cike da ɓawon ɗorawa na makuba. Ta dire ta ce, "Geron naki zai so wannan." Ta shiga ɗakin ta taka daɓen da dunduniya, ta ce tsakiya bai daku ba, ruwa ya yi yawa.

Na ɗauka za ta ɗauki madaɓi. Sai ta zauna a dokin ƙofa ta ce, "Jidda, kada ki sa wa ranki damuwa. Abin da kika yi ranar nan daidai ne. Kara ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya yaba. Yaran boko ne ba su san kara ba. In ta haihu ta ɗauki nata ɗan farin, za ta gane."

Na ce, "In ba ta gane ba fa?"

Ta ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Amma a raina cewa na yi, to mene ne amfanin abin da babba ya hango in ya ƙi buɗe baki ya faɗa? Shatu ta girme ni, ita ta yanke wa yarinyar cibiya, ba zan mayar mata da magana ba. Na jiƙa makubar a tukunya.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Na gama bugu. Na kwarara ruwan makuba, ƙasa ta sha ta yi ja wur, gobe in ƙara. Ƙamshinta ya cika gidan. Na zauna a bakin ƙofa ina kallo har inuwa ta gushe, na manta ban karya ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan azahar

Farar ƙasa a bango, shafe biyu. Na kewaye gindin bangon da shuni, faɗin tafin hannu, yadda Yaya take yi a ɗakinta na Zango, ko da ta shigo ta ga abin da ta saba gani. Layin ya karkace wajen taga. Na bar shi, ba ni da ƙarfin sakewa.

Faifai bakwai na ɗinka tun azumin bara, da galura ja da kore da ɗorawa. Na jera su a bangon da ke fuskantar gado. An ce jariri launi yake fara bi da ido. Na sauke na sake jerawa sau uku, kamar wata amarya. Babu mai cewa ya yi ko bai yi ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Mako uku. Bari in rubuta, na gaji da ɗaukarsa.

Sun iso bayan an sauko daga masallaci, a ƙaramar motar da Jafaru ya saya bana. Shi ya tsaya a zaure kamar yadda suruki yake yi. Ita ta shigo. Gidan cike da mata, Shatu da wasu huɗu, an zo taya ni ɓarar gyaɗa. Ta gaida kowa, ta durƙusa da ƙyar saboda ciki. Na ba ta baya ina tankaɗe, kamar yadda na saba.

Irin wannan magana manya ake aikowa. Ita ba ta aiko kowa ba. Ta matso har gefen tabarmata ta ce, "Inna." Ba ta taɓa ce mini Inna ba. Ta ce, "Inna, tunda wadda ta riƙe ni ba ta, in zo nan in haihu?"

Idon mata biyar a kaina. Na ja mayafi na rufe fuska na ce, "Ni ina ruwana da inda za ki haihu? Je ki tambayi dangin ubanki."

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Kai, Maijidda akwai kara." Ni ma har na ji daɗin yabon, Allah Ya yafe mini. Na ɗauka za ta yi murmushi ta gane, gobe a turo tsohuwa a yanke rana.

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ce, a hankali, "Dama na sani."

Ta dafa bango ta miƙe. Furar da na dama mata tun safe, da nonon da na sa aka kawo daga ruga, tana nan a rufe ba ta taɓa ba. Na ji tashin mota. Ban leƙa ba, domin mata suna kallo.

Dama na sani. Tun yaushe ta sani? Tun tana shekara nawa take ɗauke da wannan?

Asabar, 26 ga Afrilu, da asuba

Magana zarar bunu ce.

Litinin, 28 ga Afrilu, da hantsi

Yau mun yi faɗa da Bajiniya. Muna saƙar safa, ta ce me ya sa ba zan rubuta mata wasiƙa ba tunda na iya rubutu. Na ce uwa ba ta rubuta wa 'yar fari. Ta ce to sunanta wa, ita ta rubuta. Na ce ba na faɗa. Ta ajiye kwarashi ta ce, "Kin manta ne?"

Raina ya ɓaci. Na ce ke baƙuwa ce, ba ki san komai namu ba, ku da kuke rungumar 'ya'yanku a tsakiyar kasuwa.

Sannan ta ce, "Iya, ɗana na fari Ignatius, shekararsa shida lokacin yaƙi. Mun rabu a hanya muna gudu. Shekara uku ina kiran sunansa, a daji, a sansani, duk inda na ga yara. Har yau in na ga yaro daga baya sai na kira. Ba ya amsawa. Ke taki tana da rai, tana da kunne, kin kulle bakinki."

Ta tattara ulunta ta fita. Safar tana nan ƙafa ɗaya.

Ban san tana da wani ɗa ba bayan 'yarta Nneamaka. Shekara huɗu muna katanga ɗaya.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan azahar

Ba ta shigo ba. Na daka yajin jego: citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono. Na yi ta atishawa, idona na ruwa. Yajin ne.

Laraba, 30 ga Afrilu, da magariba

Wasiƙa huɗu na fara, huɗu na yaga na sa a murhu. Da na rubuta gaisuwa sai hannu ya tsaya. Me zan ce? Ki zo? Ki yi haƙuri? Uwa ta ba 'ya haƙuri, a ina aka taɓa yi?

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan la'asar

Na kai wa Bajiniya tuwo da miyar kuka da man shanu, na ajiye mata. Ta ci. A ɗakinta na ga rigar matashin kai da aka yi wa rubutu da zare, irin wadda 'yan mata ke yayi yanzu. Na daɗe ina kallo.

Na dawo na yanki farin yadi. Na zana haruffan da fensirin Malam, na bi su da jan ulu. Haruffa takwas ne. Bakina bai faɗa ba, allura ce ta faɗa. Na rufe ƙofa kafin in fara, kamar mai sata.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Damian zai tafi Anaca sayo kaya, ta Kaduna zai bi. Na ƙulle majanyi, hula biyu, safa (Bajiniya ta ƙarasa ɗaya ƙafar), gwangwanin yaji, da rigar matashin a can tsakiya. Ya ce, "Mama, wane saƙo zan faɗa?" Na ce ka ba ta kawai. Ya tsaya yana jira. Na ce ka ba ta kawai.

Yana fita na ji kamar in bi shi in ce, ka ce mata ɗaki ya bushe. Ban bi shi ba.

Litinin, 5 ga Mayu, da asuba

Na share ɗakin. Ba abin da ya ɓata shi, na share dai.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Na tara itacen wanka a bayan ɗaki, na wanke babbar tukunya na kife. Itacen jego miji ke kawowa, na sani. Shatu ma ta faɗa ta katanga. Na ce na ji.

Mota ba ta zo ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Hadari ya taso daga gabas, ruwan fari ya sauka. Yara suna ta tsalle a waje. Ni na shiga ɗakin kudu na tsaya ina duban rufi. Wuri ɗaya ya ɗiga, daidai inda gado zai zauna. Na tara kwano. Na zauna a kan daɓen ina jin ɗigon har aka ɗauke. Ɗakin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, ban taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba. Kaɗaici ya ishe ni.

Lahadi, 11 ga Mayu, da magariba

Damian ya dawo. Ya same ta a gida, ya ba ta hannu da hannu. Ya ce ta kwance ƙullin a gabansa tana ɗaga kaya ɗaya-ɗaya, da ta kai kan farin yadin sai ta miƙe ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ya jira, ba ta fito ba. Jafaru ne ya raka shi bakin titi.

Na ce, "Ba ta ce komai ba?"

Ya ce, "Ba ta ce ba, Mama." Ya sosa kai ya ƙara da cewa ƙafafunta sun kumbura sosai, fuskar ma haka.

Wanda bai aika da magana ba, me zai sa ya jira amsa?

Talata, 13 ga Mayu, da hantsi

Shatu ta jiyo a gidan su Jafaru, can aka buga waya, ba nan ba. An kwantar da yarinyar a asibiti tun shekaranjiya. Likita ya ce ba maganar tafiya, ko Zariya ba za ta iya zuwa ba, balle Daura. Uwar Jafaru za ta je in an haihu.

Shatu ta ce, "Sai addu'a, Jidda. Ke dai ba zuwa za ki yi ba, uwar 'yar fari a gidan suruki, a ce me?"

Na ce haka ne.

Kumburin ƙafa da na fuska ga mai ciki, na san abin da yake nufi. Shatu ma ta sani, ta fi ni sani, shi ya sa ba ta dubi idona ba.

Talata, bayan azahar

Na ce haka ne, amma ga ni ina ɗaure kaya. A ce duk abin da za a ce. Na bar wa Bajiniya makulli, na ce ta riƙa duba kwanon ɗigo. Ta rungume ni a tsakar gida, rana tsaka, ban ture ta ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar, Kaduna

Ban taɓa wuce Kano ba sai jiya. Ba zan rubuta wahalar hanya ba. Na kwana a gidan wata 'yar Baure da muka haɗu a mota, da safe ta nuna mini asibitin.

A bakin ɗakin masu haihuwa akwai tebur, da wata nas mai farin kaya da babban littafi. Mutane sun yi layi, na bi. Da aka zo kaina ta ce, "Wa kike nema?"

Na ce matar Jafaru.

Ta ce, "Mama, Jafaru nawa ne a Kaduna? Sunan mara lafiya."

Na ce 'yar Daura ce, doguwa, mai ƙafa a kumbure.

Ta ce, "Sunanta nake tambaya. In ba suna ba shiga." Ba da faɗa ta faɗa ba, aikinta take yi. Na bayana suka fara tsaki. Wani ya ce baiwar Allah ki faɗa mana ko ki ba mu wuri.

Na duba hagu, na duba dama. Ba Shatu, ba matan unguwa, ba wanda ya san ni. Duk da haka harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na faɗa a cikin mayafi. Ta ce ba ta ji ba. Na sake. Ta ce, "Ɗaga murya, Mama."

Sai na ji kaina na ce, "Barakatu!" da ƙarfin da ban yi niyya ba, har na bayana suka yi tsit.

Ta bi littafi da yatsa ta ce, "Gado na biyu. An yi mata aiki jiya, an samu mace, duk suna nan da rai. Ke wace ce tata?"

Na ce, "Ni na haife ta."

Ƙofar a buɗe take, gado na biyu kuwa taku biyar ne daga teburin. Yarinyar ta juyo da kai tana kallona tun kafin in shiga. Ta rame, leɓɓanta sun bushe. Ƙarƙashin kanta farin yadina ne, jan ulun ya ɗan yi duhu wajen da kunci ke kwanciya. Jaririyar tana gefe, 'yar mitsitsiya, hular ruwan ƙwai ta rufe mata har gira.

Na tsaya ban san inda zan sa idona ba. Na fara jan mayafi, hannu ya saba. Ta ce, da wata murya can ƙasa, "Inna, sake faɗa."

Na sake faɗa. Ta rufe ido, ta ce in ƙara. Na ƙara.

Can ta kama hannuna ta juya tafin, ta ga kantar madaɓi. Ta ce, "Wannan fa?" Na ce gero na shanya. Ashe Damian ya gaya wa Jafaru komai a bakin titi. Ta fara dariya, ɗinki ya hana ta, ta koma kuka, ni ma na taya ta a gaban mata goma sha biyu da nas.

Likita ya ce sai ta yi kwana goma kafin a yi maganar hanya. Ta tambaya ko daɓen zai jira. Na ce daɓen makuba shekara ashirin yake yi.

Juma'a, 16 ga Mayu, da asuba

Barakatu tana barci. Barakatu ta sha kunu rabin kofi. Barakatu ta ce in ƙirga mata yatsun ƙafar jaririyar, ita ba ta iya sunkuyawa. Goma ne cif.